Dangar da Ke Tsakanina da Lawali Mai Allura

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina zaune a kan amalankena bayan azahar, amalanken da ya daɗe ajiye a ƙofar gida babu abin da zai ja shi, sai na hango hedimasta yana tahowa a ƙasa daga bakin hanyar Shinkafi, hularsa a hannu. Da hantsi ya tafi a bayan babur, yana rungume da Lawali tsakaninsa da mai tuƙi. Yanzu ga shi shi kaɗai. Ban bari ya gama sallama ba na ce, "Ya cika?" Ya ce, "Ya cika, Baba Nomau. Ko asibitin ba mu kai ba. Gawa tana tahe cikin motar hatsi." Ya tsaya yana kallon ƙofar gidan mamacin, wadda ke jikin tawa, ya kasa ɗaga ƙafa. Sai na leƙa ciki na kira matata Ige, na ce ta je ta zauna kusa da Rabi, matarsa, kafin ta ji a bakin 'yan gari. Na san bakin 'yan garin nan.

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Wannan magana faɗarta na yi, surukina da ke aiki a Kaura Namoda ya rubuta, na ce ya karanta ta a ƙofar masallaci ranar addu'ar bakwai, kuma kada ya rage mini ko kalma da sunan gyara.

Dalilin maganar kowa ya san shi, ko da ana yi kamar ba a sani ba. An aika wa Rabi, tana cikin takaba, cewa da an shafa fatihar bakwai ta kwashe 'ya'yanta ta bar garin nan, in ba haka ba a cinna wa gidan wuta. Wai mijinta infoma ne, mai kai wa mutanen daji labarinmu. To, ku saurara. Da liman ne ya tashi zai wanke shi, cewa za ku yi aikinsa ne rufa asirin mamaci. Da hedimasta ne, ku ce abokin aikinsa ne. Ni kuwa Nomau, babu wanda bai san cewa tun ranar da aka kore mini shanu na daina amsa gaisuwar Lawali ba. Ba ƙauna ce ta tayar da ni ba. Ina da ƙorafi a kansa, kuma sai na faɗe shi kafin in faɗi sauran.

Na farko tsohon abu ne, ba ma shi ya yi ba. Mahaifinsa, Allah Ya jiƙansa, wata shekara da aka sake dangar da ke tsakanin gidajenmu, ya matso da ita cikin nawa da kamu guda. Na yi magana, aka ce in yi haƙuri. Lawali ya gaji gidan, ya gaji kamun. Duk kaka in za a sake karan dangar sai na tuna masa, shi kuma ya yi dariya ya ce, "Baba Nomau, matsar da ita inda kaka so. Ni dai bar min inda zan riƙa jin tarinka, in san kana nan." Ban matsar ba. Ba kyauta nake nema ba, so nake a yarda an ci mini.

Na biyu shi ne barin aikinsa. Yaran yanzu da Malam suka san shi. Mu da Mai Allura muka san shi. Ma'aikacin dabbobi ne, yana yawo da akwatin magani a bayan babur tun daga rugagen Jangeru har Zurmi, ranar Kasuwar Daji kuma sai ka tarar da shi a karar shanu ana jiransa. Hannunsa yana da sa'a. Saniyar da ta kwanta, in ya taɓa ta sai ta tashi, da ikon Allah. Ba ya dawowa gida hannu rabbana: nono, man shanu, wani lokaci har ɗan akuya. A wannan yawo ya koyi Fulatanci, har Fulanin suna masa ba'a cewa musanyarsa aka yi a goyo.

Wata la'asar ya leƙo ta saman danga ina gyaran ƙotar garma.

"Baba Nomau, na aje aiki."

"Wane aiki?"

"Na allura. Makaranta za ni koma, in koyi koyarwa."

"Kai da hurhura ga gemu? Ka koyar da wa?"

"'Yan aji ɗaya."

"Masu majina? Ka bar shanun da ka ba ka mai da nono, ka koma ga masu yi ma hitsari cikin aji? Wa yay yi ma asiri?"

Bai yi dariya ba, shi da ba ya rabo da ita. Ya ce, "Makon jiya anka tare mu hanyar Zurmi. Duk yara ne. Wanda yac ce in sauka, sai yad dube ni, yac ce, 'Mai Allura ne, ku bar shi shi wuce.' Na gane shi, Baba. Shi ne ka riƙe min igiyar maraƙi in na je rugarsu, yana ɗan wanga." Ya nuna ƙugunsa. "An taɓa kai shi makarantarmu. Bai jin Hausa, malam bai jin Hillanci. Anka ce kurma ne ko daƙiƙi, anka yi ta bugu nai har yad daina zuwa. Ni kuwa duk shekara ina zuwa in duba lahiyar shanunsu ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa tambayar mi yas sami mai riƙe igiyar ba."

Na ce, "To kai ne za ka gyara duniya?"

Ya ce, "A'a. Aji guda dai."

Ya tafi kwalejin malamai da gemunsa, ya zauna benci ɗaya da sa'annin 'ya'yan ƙannensa. Rabi ta sha wuya a shekarun nan, ta katanga muka riƙa jin yadda tukunyarta ke yin shiru. Ni ma na sha tawa. Karsanata ta kamu da ciwon huhu, wanda aka turo a madadinsa bai san ko ta inda ake kama kan saniya ba, ta mutu a kan turke. Na ɗora wa Lawali. Da ya dawo aka ba shi aji a makarantar garinmu, kowa yana Malam, Malam, ni na ƙi. Mai Allura na ci gaba da kiransa, don ya riƙa tuna abin da ya yar.

Ƙaramar gonata tana bayan makaranta, tagar ajinsa kuwa ba ta da marfi, don haka ko ba na so sai na ji. Ajin nan kamar tashar mota yake. Ga 'ya'yanmu masu Hausa. Ga 'ya'yan ruga waɗanda ko "zo" ba su ji. Ga na mutanen da suka ƙetaro daga Nijar, wasu da Buzanci a baki, wasu sun ɗan taɓa makaranta a can suna haɗawa da Faransanci. Namu su ce masa Malam, na ruga su ce Modibbo, na ƙetare su ce Mushe irin na Faransanci, duk yana amsawa. In sabon yaro ya zo, ba ya tambayarsa komai. Sai ya zaunar da shi kusa da ƙofa inda zai riƙa ganin waje, ya durƙusa ta gabansa, ya gaishe shi da harshen gidansu, ya tashi ya bar shi. Na ji hedimasta yana masa faɗa cewa ɓata lokaci ne. Ya ce, "Ranka shi daɗe, maraƙin da bai san ka ba, in ka zo mai ta baya sai shi halbe ka ko shi tsere. Tsayawa akai inda yaka ganinka, har shi gaji da tsoro."

Ƙidaya ma ba sau ɗaya suke yinta ba. Su ce ɗaya, biyu, uku. Su koma ta Fulatanci, go'o, ɗiɗi, tati. Sannan a zo ta Turanci. Sai ya sa 'yar ruga ta koya wa ɗan gari, ɗan gari ya karkace harshe a yi masa dariya, don shi ma ya ɗanɗana. Kafin a yi kaka sai ka ji 'yar rugar nan tana karanta Hausa a allo, tana tsayawa tana haɗiye yawu, shi kuma yana jira, ba ya ƙarasa mata. Bulala bai taɓa riƙewa ba, abin da ban yarda da shi ba har gobe. Wata rana na tsinci bakina yana bin su da go'o, ɗiɗi ina cikin noma. Na tofar da yawu na koma can ƙarshen gona.

Ba da sauƙi Fulanin suka ba shi 'ya'yansu ba, a wannan zamani da ba wanda ya yarda da wani. Ardon rugar gabas ya tara dattawansa, aka kawo nono a ƙwarya ɗaya, Lawali ya sha, suka sha. A nan ya ɗauki alkawari cewa ba zai taɓa tambayar yaro abin da ke gidansu ba: wa ya zo, wa ya tafi, shanun wa aka gani. Ya dawo ya tsaya a ƙofar masallacin nan ya gaya mana, ya ce alkawarin har da 'ya'yanmu. Da yawanku kuna wurin. Muka ce madalla, don a lokacin babu wanda ya ɗauka abin zai taɓa shi.

Sai ya taɓa ni. Wannan shi ne ƙorafi na uku, kuma shi ne babba.

Shanun huɗata biyu ne, Ja da Goshi. Tun suna maruƙa nake renonsu. Farkon damina, ina tsakiyar huɗa a babbar gonata ta fadama da rana tsaka, wasu da bindiga suka fito daga cikin sabara, suka kwance su daga garma ina tsaye, suka kora su gabas. Sawun ya bi ta gefen rugar Ardo. A ajin Lawali akwai wata yarinya, Dije, bukkarsu ce ta ƙarshe a bakin wannan hanya. Duk abin da ya wuce sai ta gani.

Washegari ban jira kowa ba na nufi makaranta.

"Mai Allura, hito."

Ya fito da alli a hannu. Ya riga ya ji, fuskarsa ta nuna.

"Tambayar min yarinyar can da harshensu. Ina anka bi da su, wa yak kora su. Kalma biyu."

"Baba Nomau, ba ni tambayarta."

"Yaro ne hwa. In ka lallashe ta hwaɗi za ta yi."

"Shi ya sa. Za ta hwaɗi don ta yarda da ni. Gobe 'yan sa-kai su shiga rugarsu, jibi na daji su gano bakin da maganar taf fito, su yanka ubanta. Ita kuwa ba ta san mi tay yi ba. Ta dai amsa tambayar malaminta."

"Shanuna hwa?"

"Zan tahi wajen Ardo da kaina, babba da babba. Amma ba ta bakin yaro ba."

Ya je. Ardo ya ce an wuce da su, ba a tsaya ba, bai san fuskokin ba. Shanu ba su dawo ba. A shekaruna na koma noman hannu kamar bawa. Duk Asabar sai in ga Lawali da fartanya a gonata. Na kore shi, ya koma can ƙarshen kunyoyi ya duƙa. Shi yana can, ni ina nan, ba mai ce wa wani uffan har rana ta take. Ban gode masa ba. Shanu na nema, ba ɗan ƙwadago ba. Kuma har yau in kun tambaye ni, cewa zan yi kalma biyu ce.

Bayan nan aka tare mutanenmu a hanyar kasuwa, aka kashe waɗanda aka kashe, Allah Ya jiƙansu. Garba, shugaban 'yan sa-kai, ƙanensa yana ciki. Ban ce ba shi da ciwo ba. Ya zo makaranta da mutanensa, kuma shi ba roƙo ya zo yi ba kamar ni. Ina bayan aji da fartanya, na zagayo na tsaya.

Ya ce, "Hiddo muna ɗiyan Hillani, kai ka zam tafinta."

Lawali ya tsaya a bakin ƙofa, ya dafa ginshiƙi da hannu biyu. Ajin da ke cika gari da hayaniya ya yi tsit, sai wata ƙarama da ta fara sheshsheƙa.

Ya ce, "Garba, ɗanka yana ciki, yana kallonka. Wadda ke kusa da shi ita ka koya mai ƙidaya. In shiga za ka yi, ta kaina za ka bi."

Garba ya ɗora masa bakin bindiga a ƙirji, har rigar ta lotsa. Ya ce, "Kai wai ɓangaren wa kake?"

"Na 'yan aji ɗaya."

Na ga gumi yana bin gemun Lawali, kada wani ya ce muku bai ji tsoro ba. Amma bai saki ginshiƙin ba. Can Garba ya sauke bindigar ya ce, "Za mu gani." Daga wannan rana kalmar infoma ta shigo gari. Aka tono labarin hanyar Zurmi, wanda shi da bakinsa ya ba mu, aka ce ai ga shi, sun san shi, sun bar shi ya wuce. Wasu suka daina ba shi hannu bayan salla. Wasu suka janye 'ya'yansu. Shi kuwa kullum da safe yana ajinsa, ko yara nawa suka zo.

Yanzu na zo kan ranar da kuke kafa hujja da ita, ranar da aka ga baƙo mai rawani ya fito daga gidansa da la'asar. Gaskiya ne, ya shiga, ya fito. Ni ina kwance a jikin danga, zazzaɓi ya kayar da ni, Ige ta shimfiɗa mini tabarma a inuwa. Su kuma suna tsaye a ɗan filin da ke bayan zaurensa. Karan dawa ne kawai tsakaninmu.

Ga abin da ban taɓa faɗa a taro ba: ina jin Fulatanci. Ina yaro mahaifina ya ba da ni kiwo tare da shanunmu a ruga, lokacin da hakan ba abin tsoro ba ne. Ba na mayarwa, amma ba a zagina da shi in yi dariya.

Baƙon ya ce manyansa suna gaisuwa, sun ji yadda gari ya wulaƙanta shi. Abin da suke so kaɗan ne. 'Ya'yan gari suna ajinsa, ya riƙa jin ta bakinsu wane gida aka sayar da hatsi ko dabba, wace rana 'yan sa-kai suke barin gari. Lawali ya amsa masa a hankali, irin yadda yake magana da sabon yaro. Ya ce, "Bayan dangar nan akwai tsoho. Tun ina goye ya san ni. An kore masa shanu, ya roƙe ni in tambayi 'yarku kalma biyu, na hana shi, har yau ba ya amsa gaisuwata. Abin da na hana shi ba zan ba ku ba." Baƙon ya ce ai ya san abin da ake yi wa mai ƙi. Lawali ya ce, "Na sani. Ni na yi wa shanun ubanka allura, kai ma na san ka." Sai na ji ƙarar duka, Lawali ya faɗo jikin danga har karan ya taɓa mini baya. Ya tashi. Baƙon ya fita. Ku kun ga fitarsa. Ni na ji abin da aka ce.

Kuma ban ɓoye ba. Da zazzaɓin ya sake ni na je na sami Garba, na gaya masa duka, daga farko har ƙarshe. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Au, Baba, ashe kai ma kana jin harshen? To riƙe bakinka, kada a haɗa da kai." Wannan ita ce amsar da aka ba mai furfura. Garba, in kana wurin nan, ka ce ƙarya nake.

Ranar da Allah Ya yi kiran Lawali, ihun yara na ji daga gona. Na tarar ya yanke jiki ya faɗi a gaban allo, alli yana hannunsa. Muka fitar da shi inuwa. Hedimasta ya ruga wurin masu kabu-kabu. Wannan ya ce mai ya ƙare, wancan ya ce taya, sauran suka sunkuyar da kai, ba mai son a gan shi ɗauke da infoma. Na san su, na san iyayensu, ba zan kira suna ba yau. Rana tana ɗagawa, numfashinsa yana yin nisa. Sai na tuna amalankena a ƙofar gida. Da Ja da Goshi suna nan, da na shimfiɗa shi a kai mun kai bakin titi tun da sauran ƙarfi. Na durƙusa na faɗa masa a kunne, don ba na riƙe magana.

"Ka gani ko, Mai Allura? Da ka tambaye ta, da yanzu muna hanya."

Ya buɗe ido da ƙyar. Ya ce, "Baba Nomau, yau ka yi min magana." Ya ja numfashi, ya ce, "Ɗiyan ruga, kada su tahi gida su kaɗai. A raka su."

Ita ce maganarsa ta ƙarshe da na ji. Can wani mai babur daga Jangeru, baƙo, ya zo wucewa. Bai san labarin kowa ba, ya ga mara lafiya ya tsaya. Suka tafi. Na waiwaya na ga 'ya'yan ruga sun cure a jikin bangon aji, ba wanda ya kula su. Na ɗauki sandata na sa su gaba, har bakin rafin da ake hango bukkokinsu. Dije tana kusa da ni, tana kuka, ta riƙe mini gefen riga. Ga hanyar da aka bi da shanuna, ga ni, ga ta, ga harshen a kunnena. Ban tambaye ta komai ba. Ba zan ce muku na san dalili ba. Amana ce wani ya bar mini yana kwance, na kai ta inda ya ce.

Sahun jana'izarsa bai yi tsawo ba, kun sani, don kuna gida. Ardo da mutanensa sun zo, amma ba su iya matsowa ba. Can bayan maƙabarta suka tsaya a ƙarƙashin marke, suka yi nasu sahun, muna kabbara suna kabbara. Mutumin da ya haɗa 'ya'yansu da namu a benci ɗaya, sahu biyu aka yi masa, da fili a tsakani.

To ga shaidata, ni da na fi kowa dalilin ƙinsa. Lawali ba infoma ba ne. Taurin kan da ya cinye mini shanu, shi ne ya hana a san ranar da garin nan ke zama ba mai tsaro. Wanda ya kwana lafiya a gidansa a wannan damina, ya sani akwai wanda ya sha duka a bayan zaure saboda shi.

Maganar Rabi kuwa, ku tambayi liman inda addini ya ce mace ta yi takaba, in ba ɗakin mijinta ba. Ba inda za ta. Jiya na sa an cire dangar da ke tsakanin gidajenmu, tun daga zaure har bayan rumbu. Maganar kamu guda ta mutu, don babu iyakar da za a auna. Gida ɗaya ne yanzu, kuma nawa ne. Ige ta koma ɗakin Rabi. Rumbuna yana jikin ɗakin, wutar da ta kama shi sai ta ci gerona, ta ci matata. Ni kuma na kai tabarmata zauren Lawali. Duk wanda zai zo da ashana, ni zai fara yi wa sallama. Ya yi da Hausa ko da Fulatanci, duk ina ji.

A bakin kabari liman ya tambaya ko akwai mai haƙƙi a kansa. Na yi shiru ranar, wasu suka dube ni. Yau na amsa. Na karsana, na Ja da Goshi, har da kamun da ya gada, na yafe. Ban ce ya yi daidai ba. Na ce na yafe.

Allah Ya jiƙan Malam Lawali. Allah Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa, Ya haskaka shi. Yadda ya riƙa durƙusawa ta gaban yaro mai tsoro yana gaishe shi da harshen uwarsa, Allah Ka sa masu tambaya su zo masa da sauƙi, Ka tabbatar da harshensa. Yadda ya riƙe amanar ƙananan da ba su san an ba shi ba, Allah Ka riƙe masa nasa. Ka ba Rabi haƙuri, Ka sanyaya mata zuciya, Ka raya marayunta a ɗakin ubansu, kada su ji kunyar sunansa. Ka kawo wa 'yan aji ɗaya wanda zai tsaya musu a ƙofa. Ka jiƙan ƙanen Garba da duk waɗanda muka binne. Ka kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ka shiryi na daji da na gari. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani, kuma Ka sa a sami mai ɗaukarmu.

Amin.